Soson Teku da Neman Magani: Wa Ke da Gaskiya?

A shekarar 1986 wasu masana sinadarai biyu 'yan ƙasar Japan, Yoshimasa Hirata da Daisuke Uemura, suka bayyana sakamakon wani aiki mai cin rai da suka daɗe suna yi. Sun tara kilo 600 na wani baƙin soson teku da ke manne wa duwatsun gaɓar ƙasarsu, wanda masana ke kira Halichondria okadai. Suka niƙa shi, suka jiƙa, suka tace, suka sake tacewa. Da aka gama, abin da ya rage a hannunsu na sinadarin da suke nema miligiram 12.5 ne kacal, wato ko ƙwayar shinkafa ɗaya ta fi shi nauyi. Suka raɗa masa suna halichondrin B. Ƙarfinsa ne ya ja hankalin duniya, domin ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya hana ƙwayoyin ciwon daji rabuwa da hayayyafa.

Sai bayan shekara 24, a watan Nuwamba na 2010, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da wani magani mai suna eribulin, wanda kamfanin Eisai na Japan ke sayarwa da sunan Halaven, domin matan da sankarar mama ta riga ta bazu a jikinsu. Daga wancan sinadari aka samo shi. Wannan labari guda shi ne hujjar ɓangarori biyu da ke ja-in-ja a kan ko ya dace a ci gaba da zuba kuɗi da ƙwaƙwalwa wajen neman magani a jikin soson teku. Masu goyon baya suna cewa ga zahiri nan, halittar da ba ta da ko baki ta ba mu maganin daji. Masu suka kuwa cewa suke a dubi kilo 600, a dubi shekara 24, sannan a faɗa musu ko wannan hanya ce da mai neman ceton rayuka cikin gaggawa zai bi.

Soson teku ba tsiro ba ne irin wanda ke yaɗo a danga. Dabba ne, ko da yake ba shi da ƙwaƙwalwa, ba zuciya, ba hanji. Jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne da yake zuƙar ruwa ta cikinsu, ya tace 'yan ƙananan halittun da ke ciki ya ci. An san nau'insa kusan 9,000, kuma zuriyarsa ta haura shekara miliyan 500 a cikin teku. Inda ya manne nan zai rayu, nan zai mutu. Kifi na neman cinsa, murjani da sauran halittu na neman ƙwace masa wurin zama, ruwan da yake zuƙa dare da rana kuma cike yake da ƙwayoyin cuta. Wanda ba ya gudu ba ya cizo, dole ya nemi wata garkuwa, kuma garkuwar soso guba ce. A nan hujjar farko ta masu goyon baya ta tsaya: waɗannan gubobi an yi ta gwada su a kan halittu masu rai tsawon zamanin da hankali ba ya iya ƙirgawa, waɗanda ba su da amfani sun ɓace, masu aiki suka rage. Da yawansu aikinsu shi ne hana ƙwayar halitta rabuwa biyu, kuma abin da likitan ciwon daji ke nema ke nan.

Idan aka ce su kawo shaida, sunan Werner Bergmann suke fara ambata. Masanin sinadarai ne a Jami'ar Yale ta Amurka, wanda a farkon shekarun 1950, tare da Robert Feeney, ya ciro wasu baƙin sinadarai daga wani soso na tekun Karibiyan da a yau ake kira Tectitethya crypta. Duk ƙwayar halittar da za ta rabu biyu sai ta kwafi bayanan gadonta, wato DNA, kuma da wasu ƙananan sassa take haɗa wannan kwafi, kowanne ɗauke da wani nau'in sukari. Sassan da Bergmann ya gano a jikin soson sun yi kama da waɗannan ƙwarai, sai dai sukarinsu dabam ne, ana ce masa arabinose. Wannan ya buɗe wa masana ido: ashe ana iya ƙera sashe na jabu ta hanyar sauya sukarin, ƙwayar cuta ko ta daji ta ɗauka na gaske ne, ta sa shi cikin kwafinta, aikin ya cije. A 1959 aka haɗa cytarabine a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, aka amince da shi a Amurka a 1969. Tun daga 1973 likitoci ke ba da shi kwana bakwai a jere, haɗe da wani maganin na kwana uku, ga masu wani mugun nau'in sankarar jini, kuma har yau wannan tsari ne ginshiƙin jinyar cutar. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Ɗan'uwansa vidarabine, wanda aka amince da shi a 1976, yana cikin magungunan farko da suka iya taɓa ƙwayar bairos a jikin mutum. Bayansu fludarabine da gemcitabine suka biyo, duk a kan dabara ɗaya.

Akwai kuma darasin shekarun 1990, lokacin da manyan kamfanonin magani da dama suka rage sassansu na binciken halittu, suka koma ga injinan da ke haɗa dubban ɗaruruwan sinadarai a ɗakin gwaji, da tunanin cewa yawa zai kawo sa'a. Girbin bai kai yadda aka zata ba. David Newman da Gordon Cragg, waɗanda suka yi aiki a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka, sun shafe shekaru suna bin asalin kowane sabon magani, kuma lissafinsu ya nuna fiye da rabin magungunan daji masu ƙananan sinadarai ko dai daga halittu aka ciro su, ko an kwaikwayi abin da halittu ke yi.

To, masu suka ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da suke cewa shi ne a yi ƙirge na gaskiya. Kowace shekara ana bayyana sababbin sinadarai wajen 200 daga soso, an tara dubbai a cikin mujallun kimiyya, amma waɗanda suka isa hannun likita ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ko su ɗin ma, in ji su, ana kambama rawar da soso ya taka. Babu cytarabine a jikin soso, mutum ne ya ƙera shi. Wasu marubuta har sukan ja zaren ya kai ga AZT, maganin farko na cutar ƙanjamau da aka amince da shi a 1987, alhali Jerome Horwitz ya haɗa shi ne a 1964 yana neman maganin daji, kuma dangantakarsa da aikin Bergmann ta nesa ce. A wannan gaɓa ina tare da masu suka. Ƙarin gishiri ba ya taimakon kimiyya, kuma gaskiyar abin da soso ya bayar ta isa ba sai an ƙara mata ba.

Labarin da ya fi ƙarfafa musu gwiwa shi ne na discodermolide. A 1990 masu bincike na cibiyar Harbor Branch da ke Florida suka ciro shi daga wani soso na zurfin ruwan Bahamas mai suna Discodermia dissoluta. A ɗakin gwaji ya yi abin mamaki, har yana kashe ƙwayoyin dajin da suka gagari Taxol, ɗaya daga cikin manyan magungunan wancan lokaci. Kamfanin Novartis na Suwizalan ya karɓi lasisinsa a 1998. Da yake ba zai yiwu a samu isasshe daga teku ba, masanansa suka haɗa shi da hannu, mataki 39, har suka samu giram 60, aikin da masana sinadarai ke jinjina wa har gobe. Aka fara gwada shi a kan marasa lafiya, sai aka ga yana lalata huhu. A 2004 aka dakatar. Shekara 14, ɗimbin kuɗi, gwanintar ƙwararru, duk suka tafi. Manoalide, wanda aka samo daga wani soso na tsibiran Palau, shi ma ya kai matakin gwaji a kan masu ciwon fata, can ya tsaya. Dalilin faɗuwar discodermolide a bayyane yake, in ji masu suka: guba ce tun asali, ba don jikin ɗan Adam aka yi ta ba, kuma abin da ke kashe ƙwayar daji bai san bambancinta da ta huhu ba.

Sai matsalar yawa. Bayan gano halichondrin B, an samu wani soso mai ruwan ɗorawa na dangin Lissodendoryx a zurfin tekun Kaikoura da ke New Zealand, wanda ya fi na Japan yawan sinadarin. Aka ba da izini aka ɗebo tan ɗaya, aka samu miligiram 310. Da masana suka auna duk abin da ke wurin, sai suka ga gaba ɗayansa bai wuce tan 300 ba. Ma'ana ko an share shi kaf daga doron ƙasa, abin da za a samu bai kai giram 100 ba, alhali maganin da ya shiga kasuwa kilo-kilo ake buƙatarsa a shekara. Sun gwada noman soson a cikin teku, a rataye da igiyoyi, ya yi girma amma sinadarinsa ya ragu. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakka.

Amma ina ganin a nan ne masu goyon baya suka fi ba da amsa mai gamsarwa, kuma ba da baki suka ba da ita ba. A 1992 Yoshito Kishi na Jami'ar Harvard ya haɗa halichondrin B daga farko har ƙarshe ba tare da ko guntun soso ba. Ana cikin wannan aiki aka gane cewa ba dukkan sinadarin ke yin aikin ba, ɓari ɗaya ne ke ɗauke da ƙarfin. Masanan Eisai suka riƙe wannan ɓari, suka gyara shi, shi ne ya zama eribulin. Haɗa shi na bin mataki 62, yana cikin magunguna mafi wuyar haɗawa da aka taɓa kai wa kasuwa, amma ba a tsinke soso ko ɗaya domin allurar da ake yi wa mara lafiya a yau. Abin da ake nema a wurin soso zane ne, ba kaya ba. Ya nuna siffar da tunanin mutum bai taɓa kaiwa gare ta ba, sauran aikin na masana ne.

Wani binciken ma ya sake rage buƙatar ɗiba. An daɗe da sanin cewa a wasu nau'o'in soso, kusan sulusin nauyin jikinsu na bakteriya ne da sauran ƙananan halittun da ke zaune a ciki. A 2014 ƙungiyar Jörn Piel ta jami'ar ETH da ke Zurich, tare da abokan aikinsu na Japan, suka nuna cewa akasarin sinadaran da ake jingina wa soson Theonella swinhoei wata bakteriya ce mai suna Entotheonella ke ƙera su. Ta ƙi girma a ɗakin gwaji, amma an karanta bayanan gadonta, kuma masana na ƙoƙarin dasa su cikin wasu bakteriya masu sauƙin reno domin su riƙa samar da sinadarin a cikin tankuna. Idan haka ne, guntun da bai fi yatsa ba ya isa a fara bincike. Kuma in ana maganar ɓarna, ba masu neman magani ne ke gama da soso ba. Manyan taru da jiragen kamun kifi ke ja a ƙasan teku sun farfasa babban ɓangare na tsaunukan soson gilashi na mashigin Hecate a Kanada, masu shekara kusan 9,000, kafin a killace wurin a 2017. A 2022 zafin ruwa ya kore launin miliyoyin soso a yankin Fiordland na New Zealand. Nau'in da ya ɓace kafin a bincike shi, ya tafi da abin da ke cikinsa.

Akwai suka ɗaya da nake jin nauyinta, amma ban yarda da inda ake kai ta ba. A babban gwajin eribulin da aka yi wa mata 762, wanda mujallar The Lancet ta wallafa a 2011, matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda aka ba maganin wata 13.1 ne, na sauran kuma wata 10.6. Bambancin wata biyu da rabi. Hukumar NICE ta Ingila, mai auna ko magani ya cancanci kuɗinsa, ta ƙi shi a 2012, sai a 2016 ta amince bayan an rage farashi. Masu suka kan ce shekara 24 a kan wata biyu da rabi ba ciniki ba ne. Sai dai waɗannan mata an riga an gwada musu magunguna iri-iri duk sun gaza, kuma matsakaici ne ake faɗa, wasu sun samu fiye da haka nesa. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar uwa ko 'yar'uwa ya san wata biyu ba abin rainawa ba ne. Ba zan ce wa macen da ke ƙirga kwanakinta da 'ya'yanta cewa ribarta ba ta kai ba.

Inda muhawarar ta fi zafi, kuma inda nake ganin masu suka sun riƙe wuyan zancen, shi ne tambayar wa ke cin amfanin. Teku mafi arzikin soso yana kewaye ne da ƙasashe irin su Indonesiya, Filifins, Papua New Guinea da Madagaska. Ɗakunan gwaji da kamfanoni kuwa suna Amurka, Japan da Turai. Wani nazari da Robert Blasiak da abokansa suka wallafa a 2018 ya gano cewa kashi 98 cikin 100 na bayanan gadon halittun teku da aka yi wa rajistar mallaka suna hannun ƙasashe goma, kuma kamfani ɗaya tak, BASF na Jamus, ke riƙe da kashi 47. Akwai yarjejeniyoyi a rubuce: ta Rio ta 1992 kan kare halittu, da ta Nagoya ta 2010 wadda ta fara aiki a 2014, wadda ta ce sai da izinin ƙasa za a ɗebi halittunta kuma a raba riba da ita. Amurka ba ta cikin ko ɗaya. A 2023 aka cimma wata kan tekun da ba mallakar kowa ba. Amma ci gaban da na yaba a baya shi ne kuma ke buɗe ƙofar zillewa, domin idan bayanan gado kawai ake buƙata, ana iya sauke su daga intanet ba tare da an taka ƙasar kowa ba. Asusun da aka kafa a birnin Cali na Kolombiya a 2024 domin wannan ya nemi kamfanoni su ba da kashi 1 cikin 100 na ribarsu, ko kashi 0.1 na cinikinsu, amma bai tilasta wa kowa ba.

Kamfanonin na da abin faɗa, kuma ba shirme ba ne. Su ke ɗaukar asara idan magani ya faɗi, kamar yadda Novartis ya ɗauka, kuma masana da yawa na kuka cewa tsauraran dokokin izini sun sa ko ɗan samfurin nazari sai an yi shekaru ana bin ofis-ofis. Gaskiya ne. Sai dai wahalar cike takarda ba ta kai a ce mai teku ya tashi hannu rabbana ba. Afirka ta Kudu ta nuna wata hanya, inda masanan Jami'ar Rhodes suka daɗe suna binciken soson gaɓarsu da kansu, har sinadaran da suka gano a yankin Tsitsikamma suna ɗauke da sunan wurin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cututtukan da ake zaɓa a bi. A shekarar da aka bayyana halichondrin B, a Japan ɗin dai, Tatsuo Higa da abokansa suka ciro wani sinadari mai suna manzamine A daga wani soso na tsibirin Okinawa. Wani bincike da aka wallafa a 2000 ya nuna allura ɗaya tasa ta kusan share ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga jinin ɓeraye. Masana a birnin Naples na Italiya kuma sun nuna plakortin, daga wani soso na Karibiyan, yana kashe ƙwayar cutar har wadda ta gagari kulorokwin, kuma yana da wani sashe irin na artemisinin, maganin da Tu Youyou ta ciro daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin, wanda ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Ko ɗaya daga cikin biyun bai zama magani ba. Ba zan ce rashin kuɗi kaɗai ne dalili ba, domin manzamine na da nasa dafin idan aka ƙara yawansa, kuma samunsa da wuya. Amma halichondrin B ma ya zo da matsaloli masu kama da waɗannan, sai ya samu jami'a da kamfani da suka ɗaure masa gindi shekara da shekaru har aka warware su, saboda akwai masu iya biyan kuɗin maganin daji a Tokyo da New York. Yaron da zazzaɓi ke kaɗawa a Gumel ko Maraɗi ba shi da wannan gata.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum kusan 597,000 a 2023, kusan dukkansu a Afirka, mafi yawa yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Nijeriya kaɗai ta ɗauki wajen kashi 30 cikin 100 na mace-macen. An riga an tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta fara jure wa artemisinin a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Mun ga yadda kulorokwin ya daina aiki a idonmu, kuma babu dalilin zaton wannan ba zai bi sahu ba. Saboda haka ni ina tare da masu cewa a ci gaba da nitso ana bincike, amma ba a kan sharaɗin da ake tafiya yanzu ba, inda kasuwa kaɗai ke yanke wane sinadari za a raina har ya girma, wane za a bari a cikin mujalla. Ƙungiyoyi irin su Medicines for Malaria Venture, da aka kafa a Geneva a 1999, da DNDi da ta biyo baya a 2003, sun nuna ana iya fitar da magani ba don riba ba. Da gudummawa suke aiki, kuma mafi yawanta daga ƙasashen da sauro bai dame su ba take fitowa. Gwamnatocin da cutar ke kashe wa yara su ya kamata su fara sa hannu a aljihu, su kuma tura wakilan da suka san zancen zuwa teburin da ake raba amfanin teku, su nemi a ware wani kaso na asusun Cali domin gwada sinadarai irin su manzamine da plakortin har a san ko suna da amfani ko babu.